Murar tsuntsaye a Kebbi: yadda za ka tsare kajinka kafin ta zo, da abin yi ranar da ta shigo

Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyin hunturu ya sauka, mai kiwon kaji a jihar Kebbi ya kamata ya ƙara buɗe ido. Manyan ɓarkewar murar tsuntsaye a Najeriya a irin wannan lokaci suka fara. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Ta dawo a Janairun 2015 ta Kano da Legas, ta sake tasowa a farkon 2021. Amma ba ta yi wa kowa alƙawarin jiran sanyi ba, domin a Yulin 2008, ana tsakiyar damina, an gano ƙwayar cutar a kasuwar kaji a nan Kebbi da kuma Gombe.

Jiharmu ƙasar ruwa ce. Gulbin Rima ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, Neja ta bi ta Yauri zuwa tafkin Kainji, ga fadamun shinkafa iyakar ganinka. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya suna sauka a irin waɗannan wurare idan sanyi ya kore su daga can, su cakuɗu da namu na gida irin su dinya da kirinjijiya. Ga kuma iyaka da Nijar da Benin, inda kaji da zabi ke ƙetarowa ta Kamba da Lolo da Dole Kaina a bayan babur. Tsuntsun daji iyakarsa ya kawo cutar bakin ruwa. Daga can zuwa akurki, galibi mu ne ke ɗauko ta, a tafin takalmi, a kiret ɗin ƙwai, a kejin ɗan kaji, wato mai fataucin kaji. Shi ya sa nake ganin mai kiwo yana da iko a kan wannan cuta fiye da yadda yake zato.

Mataki na farko: ka san fuskarta

Babbar alamarta ita ce sauri. Kajin da ka bari lafiya da dare, da asuba ka tarar da su a zube. Nau'in mai tsanani yana iya kashe kashi 90 zuwa 100 cikin ɗari na garken kaji a cikin kwana biyu. A gonar da ke da kaji ɗari biyar, mutuwar ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ce, amma idan yau biyar, gobe ashirin, jibi sittin, to kada ka tsaya jiran wata shaida.

Waɗanda ba su mutu nan take ba za ka ga sun yi tsuru-tsuru, gashi a tashe, sun daina ci da sha. Kai da kewayen ido su kumbura, zanko da leɓe su yi shuɗi ko baƙi-baƙi. Duba ƙafar, wurin da babu gashi: idan ka ga jan tabo kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, wannan alama ce mai ƙarfi. Akwai zawo, akwai majina da numfashi da ƙyar, wasu kuma wuyansu ya murɗe. A kajin ƙwai, ƙwan ya faɗi warwas lokaci guda, wanda aka samu ma ɓawonsa ya yi laushi.

Duk waɗannan alamu suna kama da na cutar Nukasil, fakat ɗin da ta saba share kajin ƙauye a hunturu. Ko likitan dabbobi ba ya iya rantsewa da ido kawai, sai an kai samfur ɗakin gwaji. Abin da zai ƙara maka zargi shi ne a ce kajinka sun samu Lasota da sauran rigakafin Nukasil a kan lokaci amma suna mutuwa da yawa, ko kuwa talo-talo da zabi su ma suna faɗuwa tare da kajin.

Agwagwa ita ce mai wuyar sha'ani. Takan ɗauki cutar tana yawonta lafiya lau, tana zubar da ƙwayar a kashinta, kaji suna tsattsaga a wurin.

Mataki na biyu: ka yi wa gonarka ƙofa ɗaya

A nan ne aikin yake, kuma yawancinsa bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba.

Fara da shinge, ko na zana ne, da ƙofa guda wadda ake rufewa. Kowa ya tsaya daga waje: mai sayen ƙwai, mai kawo abinci, ɗan kaji, abokin da ya zo ganin yadda kajin suka yi kyau. Na san yadda yake da nauyi ka hana babban mutum shiga, musamman wanda ya saba sayen kayanka. Ka faɗa masa da ladabi: "Alhaji, a yi haƙuri a tsaya daga nan, yanzu zan fito maka da su. Likita ne ya hana." Wanda ya san kiwo ba zai ji haushi ba. Ɗan kaji kuwa shi ne ya fi kowa haɗari, ba don mugunta ba, sai don sana'arsa ta sa yana shiga gona biyar da kasuwa biyu a rana ɗaya da takalmi guda da keji guda.

Ka ware takalmin roba da riga na shiga wurin kaji kaɗai, a rataye su a bakin ƙofa, kada su taɓa fita. A ajiye rabin jarka ko kwatarniya mai faɗi da maganin kashe ƙwayoyin cuta don tsoma ƙafa. Mutane da yawa suna da wannan a gonarsu, amma ruwan ya yi mako guda, ya zama taɓo. Irin wannan ba ya kashe komai. Datti yana cinye ƙarfin maganin, rana kuma tana kashe ƙarfin bilic. Don haka a kankare kashin da ke tafin takalmi da buroshi tukuna, sannan a tsoma, a sa abin a inuwa, a sauya ruwan kullum. Wajen haɗawa a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin robar, kada a yi da ka.

Kiret ɗin ƙwai na kwali da ya je kasuwa ya dawo, kada ya sake shiga wurin kaji, domin ba ya wankuwa. Ka riƙe naka na roba a ciki, ka juye wa mai saye a nasa a bakin ƙofa. Haka buhunan abinci da aka yi amfani da su a wata gona. Babur da mota su tsaya a waje, idan dole ne su shiga a fesa wa tayoyin magani.

Sai ruwan sha. Wanda gonarsa ke bakin fadama yana ganin ruwa ga shi nan a banza, me zai sa ya sayi na burtsatse? Amma ruwan gulbi da na kududdufi nan ne tsuntsayen daji ke kashi, kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a ruwa mai sanyi har makonni. Ka ba kaji ruwan rijiya mai murfi ko na burtsatse. Idan babu sai na gulbi, likitan dabbobi ya nuna maka yadda za ka sa masa kulorin. Abinci ma a rufe shi, a share wanda ya zube, a toshe ramukan ɓeraye, a sa waya a tagogi don kada tsuntsaye su riƙa shiga. Ɓuntun shinkafar da muke shimfiɗa wa kaji, wanda Allah ya hore mana shi a Kebbi, a adana shi a ƙarƙashin rufi, kada a ɗebo daga tsibin da balbela ke kwana a kai.

Duk kazar da ta shigo daga waje, saya aka yi ko kyauta ce, a killace ta nesa da sauran na tsawon mako biyu aƙalla, uku ya fi. Wadda aka kai kasuwa ba a sayar ba, ita ma baƙuwa ce idan ta dawo. Mutane sun fi sakaci da wannan: a kai zakaru goma kasuwar Jega, a sayar da shida, huɗu su yini a keji ɗaya da kajin garuruwa daban-daban, da yamma a sake su cikin garke. Idan kana da hali, ka zuba kaji masu shekaru ɗaya, ka sayar da su gaba ɗaya, ka wanke ɗakin ya huta kafin wasu su zo. Yaron da ke maka aiki kuma ka tambaye shi ko yana kiwon kaji ko tattabaru a gidansu.

Ga uwar gida mai kaji goma a tsakar gida

Yawancin kajin Hausa a hannun mata suke, su ne kuɗin sabulu da na asibiti da na littafin yara. Hajiya, ba a ce ki gina gidan gona ba. Abubuwa kaɗan za ki riƙe. Agwagi su kwana daban da kaji, kuma kada su sha ruwa a kasko ɗaya. Idan aka ji labarin kaji na mutuwa a unguwa ko ƙauyen da ke kusa, ki kulle naki a akurki ko ki kewaye musu wuri da zana har abin ya lafa, ko da za ki riƙa ba su dusa da tsaki daga hannunki. Kazar da aka sayo don miya a yanka ta ranar, a binne gashin da kayan cikin, kada a watsa wa kajin gida ruwan wankin naman. Idan kuma kika ga kaza mai arhar da ta wuce hankali a irin wannan lokaci, ki bar ta. Sannan ki nemi malamin dabbobi ya ɗiga musu rigakafin Nukasil. Akwai irin wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi mai jure zafi, wanda aka yi don kajin ƙauye. Ba ya hana murar tsuntsaye, amma yana rage mutuwar hunturu, kuma ranar da kaji masu rigakafi suka fara zubewa za ki san abin ba na kullum ba ne.

Mataki na uku: ranar da ka tarar da mutuwa

Abin da zuciya za ta fara raya maka shi ne ka kira ɗan kaji ya kwashe masu sauran lafiya kafin su ma su faɗi, ka yanka masu layi kafin su zama mushe, a rage asara. Na fahimci wannan. Mutum ya ci bashi ya zuba kaji, ga abinci ya yi tsada. Amma wannan mataki ɗaya shi ne ke mayar da masifar gida ɗaya ta zama ta gari. Kajin da kake gani lafiya sun riga sun ɗauka, domin cutar takan yi 'yan kwanaki a jiki kafin ta bayyana. Gobe suna kasuwa, jibi suna gidaje hamsin. Sayar da kaya an ɓoye aibinsa kowa ya san hukuncinsa a addini, balle aibin da zai kashe dukiyar maƙwabci.

Ga abin yi, bi da bi. Ka rufe ƙofa: kada kaza ko ƙwai ko taki ko buhun abinci ko keji ya fita, kada kowa ya shiga. Ka kira likitan dabbobi nan take, a waya, kada ka ɗauki gawar kaza a leda ka hau babur da ita zuwa kanti ana nuna wa mai sayar da magani. Idan ba ka da lambar likita, ka je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarka ko asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, bayan ka yi wanka ka sauya kaya da takalmi. A ƙauye a gaya wa mai unguwa ko hakimi ya isar da saƙon. A matakin jiha, ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi da kiwo a Birnin Kebbi ce ke da alhakin wannan aiki.

Kafin su iso, ka ɗauki hoton matattun da waya, ka rubuta adadi da lokaci. Ka sa leda a hannu, ka rufe hanci da baki, ka tattara gawarwakin a buhu ko durom mai murfi, inda kare da kyanwa da angulu ba za su kai gare su ba. Kada ka farke cikin kaza don ka ga abin da ya kashe ta. Idan kana da ɗakuna biyu, wanda ke kula da na marasa lafiya kada ya leƙa ɗayan. Ka kuma sanar da maƙwabtanka masu kiwo da bakinka, su kulle nasu.

Kada ka kashe kuɗinka a kan magani. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kafso da garin maganin da ake zuba wa kaji a ruwa ba sa taɓa ta. Barkono da maɗaci da sauran abin da aka saba jiƙawa su ma haka. Duk kwanan da aka ɓata ana gwada magani, kwana ne da cutar ta samu na fita waje.

Mataki na huɗu: abin da hukuma za ta yi, da abin da doka ta ce

Murar tsuntsaye na cikin cututtukan da doka ta wajabta a ba da rahotonsu. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta ba jami'an lafiyar dabbobi ikon shiga gona, killace ta, hana zirga-zirgar kaji, da kashe waɗanda suka kamu. Ɓoyewa laifi ne.

Jami'ai za su ɗebi samfur su aika Vom a jihar Filato, inda ake tabbatarwa. Idan ta tabbata, za a kashe dukkan tsuntsayen gonar, har da waɗanda ba su nuna alama ba, a binne ko a ƙone, a yi feshi. Za a sa ido a kan gonakin da ke kewaye. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce tsaurara tsaro a cikin kilomita 3, da bincike har kilomita 10. Ana iya rufe sashen kaji na kasuwa na ɗan lokaci.

Maganar diyya ita ce ke sa mutane ɓoyewa, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. A 2006 naira 250 aka fara biya a kan kowace kaza, daga baya aka gyara farashin. Bayan ɓarkewar 2015 manoma sun daɗe suna kukan jinkirin biya. Hukuma na da laifinta a nan, domin duk lokacin da diyya ta makara, an koya wa mai kiwo na gaba ya yi shiru ne. Duk da haka lissafin yana bayan wanda ya yi magana da wuri: kajin da jami'ai suka tarar da rai suka kashe su ake ƙirgawa, waɗanda suka mutu kafin su zo sun tafi a banza. Ka tabbata an ƙirga a gabanka, an rubuta, an ba ka kwafin takardar da sa hannu. Littafin gona da rasiɗin sayen 'yan tsaki da na abinci su ne shaidarka, don haka ka fara ajiye su tun yau. Yin rajistar gonarka da ma'aikata da shiga ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa reshen jiha suna taimakawa wajen bin haƙƙi. Mai gona babba ya je ya ji sharuɗɗan hukumar inshorar noma ta NAIC, ya tambaya ƙarara ko murar tsuntsaye na cikin abin da suke biya.

Game da allurar rigakafi, manufar da gwamnatin tarayya ta daɗe a kanta ita ce ba a yi wa kaji rigakafin murar tsuntsaye, kashewa da feshi ake yi. Dalili shi ne rigakafin da bai dace da nau'in da ke yawo ba yana iya hana kaza mutuwa amma ta ci gaba da yaɗa cutar a ɓoye. Wanda ya kawo maka kwalba a bayan fage ya ce ta murar tsuntsaye ce, kada ka karɓa.

Mataki na biyar: binnewa da wanke wuri

Kada a jefa matattun kaji a gulbi, ko kwata, ko juji, kada kuma a ba kifin tarwaɗa a kududdufin kiwo, abin da wasu ke yi don ragin kuɗin abinci. A haƙa rami a cikin gonar, a kan tudu, nesa da rijiya, zurfinsa kamar mita biyu. A fadama ruwa na kusa da sama, ramin da aka haƙa can zai gurɓata ruwan mutane. A zuba gawarwakin da ƙwai da ragowar abinci da kiret na kwali, a rufe da ƙasa mai kauri sama da mita guda, a danne da ƙaya ko duwatsu saboda karnuka.

Takin ma yana ɗauke da cutar. A wuri mai zafi ƙwayar na iya kwana shida a cikin kashin kaji, a wuri mai sanyi ta haura wata guda. Na san takin kaji kuɗi ne, masu albasa a Aliero da masu lambu suna nemansa. Amma na gonar da cuta ta shiga ba na sayarwa ba ne: a binne shi, ko a tara shi tsibi guda a jiƙa a lulluɓe da leda ya dahu da zafinsa har tsawon lokacin da likita ya ƙayyade.

Wanki kafin feshi. A yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a kankare ƙasa da bango da mazubin abinci da na ruwa, a wanke da ruwan omo sosai. Sabulu kansa yana lalata wannan ƙwayar cuta. Bayan ya bushe a fesa maganin, a bar shi ya jiƙa wurin aƙalla minti goma, kayan da za a iya fitarwa a shanya su a rana.

Mataki na shida: jikinka da iyalinka

Cutar ba ta cika kama mutum ba, amma idan ta kama tana da tsanani. Daga 2003 zuwa yau, kusan rabin mutanen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kamu da H5N1 sun rasu. A Najeriya ma wata matashiya ta rasu a Legas a farkon 2007. Haɗarin yana wurin yanka da figa da fiɗar kaza mara lafiya, da shaƙar ƙurar akurki. Yara su ne ake aika su kamo kaza, su ne ke wasa da ita. A hana su kusantar mara lafiya ko matacciya. Masu juna biyu da tsofaffi su ma su nisanci wurin. Masu fige kaji a kasuwa su riƙa rufe hanci, su wanke hannu da sabulu, su ƙi karɓar kazar da aka kawo tana layi.

Naman kaza mai lafiya da ƙwanta ba abin tsoro ba ne idan sun dahu sosai. Zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar, wato nama ya dahu har ƙashi babu ja, gwaiduwa ta daskare.

Duk wanda ya taɓa kajin da suka kamu ya lura da jikinsa kwana goma. Idan zazzaɓi ya zo, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ko jan ido, ko numfashi ya yi wuya, ya je asibiti ranar, ya kuma faɗa wa likita da bakinsa cewa kajinsa sun mutu, domin in bai faɗa ba za a ɗauka maleriya ce ko mura. Akwai magani, oseltamivir, kuma ya fi aiki idan an fara shi a kwana biyun farko. Layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, shi ne 6232.

Sake zuba kaji

Ɗakin ya zauna babu tsuntsu ko ɗaya aƙalla kwana 21 bayan feshin ƙarshe, kuma sai jami'in da ya killace gonar ya ba da izini. Ka yi amfani da wannan lokaci ka gano ta inda cutar ta shigo: wa ya shiga a makon da ya gabaci mutuwar, wace kaza aka kawo, daga ina ruwa ya zo. Ka gyara wannan ɓarakar kafin ka kashe ko kwabo a kan sababbi. Idan lokaci ya yi, ka sayi 'yan tsaki daga wurin ƙyanƙyasa sananne ta hannun dilan da zai ba ka rasiɗi, ka fara da kaɗan a ɗaki ɗaya, ka lura da su mako uku, sannan ka ƙaro sauran.